Tagogi Uku da ke Kallon Tsakar Gidan Kawu

A watan nan Kawu Sale magini ya cika shekara goma da rasuwa. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Gyaɗi-Gyaɗi. Na sha ɗaukar alƙalami in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin ba zan iya yabonsa ba tare da na tona wa kaina asiri ba. To, yau dai a tona.

Kawu maginin ƙasa ne, na tubali da azara. Daga Tarauni har Babban Giji da wuya ka ratsa lungu ba ka ga zauren da ya ɗora ba. Idan aka kira shi aiki, ba ya fara auna fili sai ya zagaya ya ga inda maƙwabta suke. Indararo ba zai zuba a gidan wani ba. Taga kuwa ƙarama yake yi, can sama kusa da rufi, iska ta shiga, ido bai fita ba. Kuma duk ranar da zai hau kan ɗaki yin yaɓe kafin damina, sai ya tsaya gindin tsani ya ɗaga murya: "Salamu alaikum maƙwabta! Za a hau sama, a kimtsa!" Sau uku yake faɗa, sannan ya ɗan jira matan gidajen kusa su yafa mayafi ko su shige ɗaki.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula na ci kansila. Kai, samun wuri! Nan da nan na rushe ginin ƙasar da na gada, na sa wani mai zanen gini ya zana mini bene mai baranda da gilashi, irin waɗanda nake gani a unguwannin manya. Zanen ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai mai zanen bai taɓa taka layinmu ba, faɗi da tsawon fili kawai na ba shi. Tagogi uku manya na ɗakunan sama suka faɗo daidai kan tsakar gidan Kawu.

Sau ɗaya tak ya yi mini magana. Ana cikin jera bulo ya shigo, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce, "Garba, da ka mai da waɗannan gabas. Innarka a nan take kitso, a nan take shanya." Na ce, "Kawu, ai zane ya riga ya fita, wannan aikin injiniyoyi ne, ba irin naku ba." A gaban leburori na faɗa. Ya ce, "To, Allah ya sa albarka," ya karkaɗe rigarsa ya fita.

Daga nan Inna Ladi, matarsa, ta rasa tsakar gidanta. Matar da take zama gindin dalbejiya ba ɗankwali tana tankaɗe, ta koma ko buta za ta ɗauko sai da mayafi. Girki ya koma wani ɗan lungu mai hayaƙi. Baƙina 'yan siyasa kuwa su hau sama su jingina da taga suna hira, gidan mutane a buɗe ƙarƙashinsu kamar faifai. Na sa labule, yara suka riƙa yaye shi, na ce ai na yi iyakar ƙoƙarina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Kowace shekara, har ƙarfinsa ya ƙare, idan Kawu zai hau yaɓe sai ya juyo wajen gidana ya yi sallamar nan sau uku, a kimtsa. Mu da muke kansa dare da rana, mu yake nema wa sutura. Ina jinsa daga sama, wallahi ko sau ɗaya ban iya leƙowa na amsa ba. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni bene na hau.

Yau da zai dawo ya bi ta Unguwa Uku zuwa Hotoro, ban san me zai ce ba. Benaye sun yi sahu, kowa na leƙen kowa, an bar iska an koma sayen sanyi. Ba na cewa a koma tubali, shi kansa yakan yaba siminti wajen jure ruwa. Ina jin tambayar da zai yi ita ce wadda ya saba: wa ke bayan wannan katangar?

Shekara shida ya yi a ƙarƙashin tagogina, ya rasu ban toshe su ba. Na ƙara goma ina cewa ɗakunan za su yi duhu. Girman kai ne kawai, ba wani duhu. Da na sani ƙeya ce.

Zaurukansa kusan duk an rushe su, an yi shaguna. Abin da ya rage nasa bai wuce wannan kiran ba. Makon jiya na ɗauko birkila ya toshe tagogin, ya huda wasu ta gabas. Da ya kafa tsani ta wajen Kawu, na ce ya dakata. Na tsaya, tsofai-tsofai da ni, na ce, "Salamu alaikum maƙwabta! Za a hau sama, a kimtsa!"

Na sake maimaitawa. Sai a na uku na ji muryar Inna daga can ciki.

"Wa ke nan? Garba ne? Hau abinka, ɗan nan. Shekara goma sha shida ke nan muna ɗaki."