Zarton da Ke Gudu Hagu

Har gobe ban manta da ranar Larabar da patoro, wato maigidanmu Alhaji Laminu, ya ba ni kwana biyu in gyara yankana ko in sauka daga kan inji ba. Shekarata ta uku ke nan ina riƙe da babban injin zarto na atilyenmu, shagon kafinta da ke hanyar Tirmini. Saura mako biyu a buɗe lakwal, yara su koma karatu, ga aikin bencin wata makaranta a garin Dogo, amma duk katakon da na tsaga sai ya fito gefe ɗaya da kauri, ɗayan siriri.

"Issufu, katako takwas ka ɓata mini," in ji shi. "Jibi in na ga na tara, ka koma gugar katako."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba hannuna ba ne.

Ga wanda bai san injin ba, zartonsa doguwar ɗamara ce ta ƙarfe mai haƙora, tana zagaya taya biyu, sama da ƙasa. Na cire wuta, na bi shi daki-daki. Na kankare ƙaron da ya daskare a tayoyin. Na ɗaure zarton har ya daina lilo. Na juya tayar sama da hannu ina murɗa kusar baya, sai da ya zauna a tsakiya. Na matso da ƙarafunan da ke tallafe shi, na bar tazarar takardar siminti kawai. Na daidaita tebur da ma'aunin kwana. Na gwada, ya sake gudu hagu kamar jakin da ya hango gida.

Ran Alhamis da hantsi na cire zarton, na fita rana, na bi haƙoran da farce ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'ida ita ce wannan ya karkata dama, na gaba hagu, daidai wa daida. Na hagu sun fi buɗewa, ƙiri-ƙiri. Mai yi mana wasi da buɗa haƙora kuwa Baba Kiyari ne, dattijon da ya koya wa patoro kansa riƙe guduma. Da wane baki zan kai ƙararsa?

Na naɗe zarton na same shi a rumfarsa.

"Baba, so nake ka koya mini buɗa haƙora."

Ya ce: "Shekara uku ba ka tambaya ba sai yau? Zauna. Idon nan na dama tun damina ya yi hazo, ban gaya wa kowa ba."

Ya miƙo mini ƙarfen buɗawa. Ni ke lanƙwasawa, shi yana shafawa da yatsa yana cewa ƙara, ko ya isa. Ba mu tashi ba sai kiran la'asar, yatsuna duk sun fashe.

Ran Juma'a da safe na tsaga katako a gaban patoro. Ya auna kai, ya auna gindi, ya sake aunawa.

"Mene ne ya same shi?"

"Haƙora ne, Alhaji. Ni da Baba mun gyara."

Bai ƙara tambaya ba. Na zauna a kan injina, Baba ya zauna a rumfarsa, ni ne idonsa har shekara huɗu kafin ya rasu.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu koyon aiki, in yanka ya karkace ku bi inji a tsanake har ku kai ga haƙora. In kuma kun tarar hannun mutum ne, ku fara zuwa rumfarsa kafin ku je biro, wato ofishin patoro.