Sunan da Melecio Ya Ƙara a Takardar Addu'a

Melecio Tabujara ya yi shekara hamsin cif yana karatu a cocin garin Malubog, kuma ba a taɓa jin ya yi tuntuɓe a kan sunan kowa ba. A makarantar mishan ya koyi haka, a hannun wani Fada ɗan ƙasar Ailan wanda yakan tsayar da ɗalibi a gindin mangwaro ya sa shi karatu, har sai mai ɗiban ruwa a bakin rijiya ya ji kowane harafi. A ranakun mako awon rake yake yi a masana'antar sukari. Ran Lahadi kuwa yakan sa farar riga mai sitaci, ya hau gaban lasifika minti goma kafin a fara sujada, ya karanta takardar roƙon addu'a.

Takardar nan kowa na da rabo a cikinta. Mutane kan kai sunaye ofishin coci kafin yammacin Asabar: mamatan da ake roƙa wa hutu, marasa lafiya, masu jarrabawa, 'ya'yan da suka tafi aikin jirgin ruwa. Da yake akwai lasifika biyu a kan hasumiyar ƙararrawa, muryar Melecio takan kai har rumfunan masu kifi. Mata kan dakata da ciniki don su ji an ambaci nasu.

A watan Agusta na shekarar 1999 gidan rediyon lardi ya ba da labarin cewa an kama Rodulfo Alimon, mai injin casar shinkafa, bisa zargin fyaɗe. An faɗi sunansa, an faɗi unguwarsu, har da lambar motarsa. Wadda ta kai ƙara kuwa, "wata mata" kawai aka ce. Mata sun fi ashirin da ke aiki ko kai shinkafa a injin, don haka gari ya yi ta kame-kame bai gano ba.

Rodulfo, wanda ake kira Dolfo, shi ne uban baftisma na ɗan farin Melecio, shi ya sa suke kiran juna Pare, wato aminin da baftisma ta haɗa. Da aka ba da belinsa, Melecio ne ya fara zuwa gaishe shi. Ya same shi a bayan gida ya rame, matarsa ta rufe tagogi, 'yarsa ta daina zuwa makaranta saboda tsokana.

"Pare, sun gama da ni," in ji Dolfo. "Ko gobe alƙali ya wanke ni, wa zai goge abin da rediyo ya faɗa? Ita kuwa tana nan tana yawo, ba wanda ya san ta. Pilang ce fa. Teofila Gayanilo, mai ɗinkin buhuna. Wadda na ɗauka aiki don tausayin uwarta."

Abin ya tsaya wa Melecio a rai. Shi mutum ne mai son a daidaita ma'auni, kuma a nan ya ga ɓangare ɗaya ya rinjaya. Ya rubuta wa gidan rediyo wasiƙa har uku da kyakkyawan rubutunsa na mishan. Hujjarsa ɗaya ce: in za a ɓoye sunan mace, a ɓoye na namiji ma, har sai alƙali ya yanke hukunci. Ba a karanta ko ɗaya ba. Sai ya koma shagon askin Nong Pidyong, inda maza ke taruwa da safiyar Asabar, ya mai da shi majalisarsa.

"Zamani ya zama na mata," yakan ce. "Yau mace ta nuna ka da yatsa, shi ke nan, an binne ka da ranka."

"Ka bar motsa kai, lauyan maza, kada in yanke maka kunne," in ji Pidyong. "Kai da matarka Sorsing ke aika sayen gishiri, kai ne za ka ƙwato mana 'yanci?"

Aka bushe da dariya, amma suna jinsa, kuma da yawa sun yarda da shi. A gida ne bai samu magoya baya ba. Matarsa Consorcia, wadda ake kira Sorsing, tana tsince shinkafa ta kira shi da sunansa na gida ta ce, "Isyo, kana wurin da abin ya faru?"

"Ba na wurin. Amma na san Dolfo shekara talatin."

"Ni ma na san shi shekara talatin. Shi ya sa nake tambaya."

A cikin makon nan ne tunaninsa ya juya ba tare da ya lura ba. Ya bar cewa a ɓoye sunayen biyu, ya koma cewa a bayyana su biyun.

Lahadi ta biyu ga watan Satumba coci ta cika. Melecio ya karanta mamata, ya karanta marasa lafiya. Da ya zo ƙarshe sai ya ƙara layin da babu shi a takardar, da irin muryar da ya karanta sauran:

"Domin Rodulfo Alimon, Allah ya fitar da shi daga ƙazafi. Domin Teofila Gayanilo, Allah ya shirye ta, ta faɗi gaskiya."

Mafitan da mata ke fifita da su suka tsaya. Kawuna suka juya. A benci na uku daga baya wata budurwa ta kama hannun uwarta, suka fita ta ƙofar gefe tun ba a fara waƙar shiga ba.

Bayan sujada Fada mai kula da cocin ya kira shi ɗakin sa tufafi, fuskarsa a ɗaure, ya tambaye shi wa ya kawo wannan roƙo. Melecio ya ce wata 'yar takarda ya tarar a maƙale, shi karantawa kawai ya yi, kuma ya riga ya yar da ita. Fada ya yarda, domin wa zai zaci ƙarya daga Melecio? Gari ya ɗora abin a kan dangin Dolfo, su kuma ba su damu su musa ba.

Kafin mako ya zagayo an daina sayen ƙosan shinkafar da uwar Pilang ke soyawa. Samari kan yi fito in Pilang ta wuce. Saurayinta ya aiko a mayar masa da zobensa. A farkon Oktoba, tun ba a fara sauraron ƙarar ba, ta daina zuwa kotu, ta tattara kayanta da uwarta suka hau jirgin ruwa, ƙara kuwa ta mutu don babu mai ƙara.

Dolfo ya gasa alade ya tara abokai da rana tsaka. Da giyar kwakwa ta fara aiki ya rungumo Melecio ya ce masa a kunne, "Ko wane ne ya kai takardar nan, Allah ya yi masa albarka. Da an shiga gaban alƙali, Pare, da labari ya sha bamban." Ya kashe masa ido, ya koma wajen yankan nama.

Melecio ya ajiye farantinsa. Bai san abin da ya faru a ɗakin buhuna na injin ba, kuma har ya tsufa bai sani tabbas ba. Abin da ya sani shi ne, shi da ya yi ta ihu a bar alƙali ya yanke hukunci, shi ne ya hana maganar isa gaban alƙali. Daga ranar bai sake buɗe baki a shagon aski ba, in ban da ya ce a rage masa gefe. Ya furta zunubin ga wani Fada baƙo a wani gari, aka sa shi addu'o'i, ya yi su duka har da ƙari, nauyin bai ragu ba. Sorsing ta rasu a 2011 bai gaya mata ba. Dolfo ya bi ta bayan shekara huɗu, Melecio ne ya karanta sunansa a cikin mamata.

Yana da shekara saba'in da huɗu wata mai sayar da busasshen kifi ta ambata a gabansa cewa ta ga Pilang a tsallaken teku, tana da rumfar miyar taliya kusa da tashar mota. Ya kwana biyu yana juya maganar. Ran Laraba ya goge farar rigarsa ya hau jirgi.

Ya same ta tana yanka albasa, ta yi jiki, furfura ta fara fito mata. Ya bari masu ci suka ragu, sannan ya cire hularsa.

"Inday Pilang, ba lalle ki gane ni ba," in ji shi, yana kiranta yadda ake kiran ƙanwa.

"Manong Melecio," ta ce, da lakabin da ake girmama babba da shi. "Ko a cikin barci na ji muryar nan zan gane ta. Zauna, kada ka faɗi a rumfata a ce ni ce."

Ya zauna. Ya shirya jawabi tun a jirgi, amma abin da ya fito gajere ne. "Ba wanda ya kawo takarda. Ni na ƙara sunanki da bakina."

Ba ta daina yanka ba. "Na sani."

"Kin sani?"

"Ina kallonka ai. Duk sauran sunayen idonka na kan takarda. Da ka zo nawa sai ka ɗaga kai kana kallon ƙofa. Na gaya wa Nanay, uwata, ta ce in rufe bakina, mutumin Allah ba zai yi haka ba. Har ta mutu tana kare ka. Amma ba ta sake taka coci ba, ko ta nan."

Ya sunkuyar da kai. "Na zo neman gafara."

"A hankali haka? Ko mai wanke kwanukana ba ta ji ka ba." Ta ajiye wuƙar, ta share hannu a zaninta. "Manong, da lasifika biyu ka faɗi sunana, har masu kifi suka ji. Yanzu ka tsallako teku ka zo kana yi mini raɗa. In da gaske kake, ka koma inda ka tsaya ka faɗa. Amma kada ka kuskura ka sake kiran sunana. Ina da 'ya'ya biyu, ba su san komai ba. Naka sunan za ka kira."

"In na yi, za ki yafe?"

"Ban ce ba. Ka sha miya kafin ka tafi, hanya da nisa."

Ran Lahadi ya karanta mamata da marasa lafiya kamar kullum. Sannan ya ninke takardar, ya ce akwai wani roƙo nasa na kansa. Ya ce shekara ashirin da suka wuce shi, Melecio Tabujara, ya tsaya a wannan wuri ya tona sunan wata baiwar Allah da ta kai kukanta gaban hukuma, ya yi wa Fada ƙarya a kai, ya bar wasu da zargi, kuma saboda shi aka kore ta daga garinsu. Muryarsa ta karye sau biyu, abin da ba a taɓa ji ba.

Yawancin matasa ba su san zancen da yake yi ba, suna ta kallon juna. Tsofaffi sun sani. Matar marigayi Dolfo ta tashi da sandarta ta fita. Nong Pidyong, wanda ya daina aski saboda rawar hannu, ya kafa ido a ƙasa har aka gama sujada.

Melecio ya miƙa wa sabon Fada aikin karatu a ranar. Ya rubuta wa Pilang wasiƙa mai layi huɗu ya sanar da ita ya yi, ya sa kwanan wata da lokaci. Ya rayu shekara biyu da wata bakwai bayan haka, amsa ba ta zo ba, shi kuma bai sake rubutawa ba, don yana ganin ba shi da hurumin tuna mata.