Glenda Ackroyd, Matar da Ta Hana Ni Gamsheƙa Shekara Uku

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, Glenda Ackroyd takan ajiye tsohuwar motarta a bayan shagonta na dabbobi a Keighley. Ba ta ko kallon gaban shagon inda kunkuru da ƙadangaru suke. Baya take wucewa, ɗakin macizai masu dafi. Ƙofa biyu ce a jere, ta cikin tana da tagar gilashi. Nan take tsayawa ta kunna fitila daga waje, ta bi ƙasan ɗakin da ido lungu-lungu, ta tabbatar kowane akwati da mai shi a ciki, sannan ta sa makulli ta buɗe. Ta taɓa kwaɗon kulle kowane akwati da hannunta, ta canza ruwa, ta fito da daskararrun ɓeraye su narke, ta rubuta wanda ya ci da wanda ya yi saɓa. Sai ta gama duk wannan take yarda ta sha shayi, kuma a tsaye.

Shekara talatin da huɗu tana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ƙungiyarmu ta masu kiwon macizai ta ce ni zan rubuta mata jinjina. Ni fa! A duk faɗin Yorkshire babu wanda matar nan ta ƙona wa rai kamar ni.

Sunana Neville Sugden, mai gyaran famfo. Ranar da na fara shiga shagonta ina da shekara arba'in da ɗaya, na yi shekara tara ina kiwon mesa, ina jin babu abin da ya rage mini na koya. Na jingina da kanta na ce ina son gamsheƙa, kuma babbar nan ta Asiya da ake wa kirari da sarkinsu.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ka taɓa tuƙa mota, ɗan nan?"

"Sosai."

"To me ya sa ba ka fara da jirgin yaƙi ba?"

Na ce ni ba yaro ba ne. Ta ce ta gani, yara ma sun fi jin magana. Sai ta shiga ciki ta fito da wani siririn maciji marar dafi, tsawonsa ya kusa ƙafa bakwai, yana ta kai wa iska sara. Sunansa Kansila, wai don bai taɓa yarda da abin da wani ya kawo ba.

"Duk Asabar ka zo ka fito da shi da ƙugiya, ka share akwatinsa, ka mayar da shi. Ka ɗauka gamsheƙa ne. Ranar da haƙorinsa ya taɓa ka, ka mutu, sai mu soma lissafi daga farko. In ka yi shekara cur ba ka mutu ba, mu yi magana."

Mako na biyu ya sare ni a babban yatsa. Glenda ta ɗauki alƙalami ta rubuta a farin allon da ke bayan kanta, inda duk mai shigowa zai gani: "Neville ya rasu, 9 ga Mayu." Masu sayen abincin kifi suka riƙa yi mini ta'aziyyar kaina. Matata Lorraine ta ce in dai haka ne a ba ta makullin mota tun da wuri.

Sau huɗu na rasu. Na huɗun ya zo a wata na goma sha ɗaya, saura sati biyar in cika shekara. Waya ce ta yi ƙara a aljihuna, na ɗan waiga, shi ke nan. Ɗigon jini ne kawai a wuyan hannu. Na roƙe ta ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ni ai zan iya," in ji ta. "Dafin ne ba ya iyawa."

Na jefar da ƙugiyar. Na ce mata mugunta ce kawai da son nuna isa, tana jin daɗin wulaƙanta manyan mutane. Ta ce, "Na ji. In za ka fita a fusace, rufe ƙofar ciki kafin ka buɗe ta waje."

Wata uku ban taka shagon ba. A cikin kwanakin nan ne wani Dale, wanda shi ma ta taɓa kora, ya same ni a mashaya ya nuna mini hoto a waya. Baƙar gamsheƙar daji ce ta Afirka, wadda aka kamo, ya same ta ta bayan fage babu lasisi babu komai. Ya ce mai sayarwar yana da wata, in ina so ranar Juma'a. Zan faɗi gaskiya tunda jinjina ce ba wankin kai ba: na karɓi lambar. Tana cikin aljihuna har ranar Asabar ɗin da Glenda ta kira ni da tsakar rana.

"Kana ina? Ɗauko akwatin aikinka ka zo gidan Dale. Abin nasa ya fita."

Na tarar an rufe layin, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana sun fito da kowa. Gidajen irin masu manne da juna ne, bututu da rufi duk a haɗe. Maƙwabciyar Dale tana tsaye a bakin titi da tagwayenta a keken jarirai, tana tambayar kowa ko macijin zai iya ratsa bango. Dale yana zaune a gefen kwalbati yana cewa wallahi ya rufe murfin da kyau, har ya ɗora littattafai a kai.

"Littattafai," in ji Glenda. Ta rufe ido na ɗan lokaci. "Da ka karanta ɗaya daga ciki."

A lokacin tana da shekara sittin da ɗaya. Awa biyar muka yi a gidan nan, ita da ni da wani ɗan kwana-kwana mai riƙe ƙofa. Ɗaki-ɗaki take bi, in ta gama da ɗaya ta toshe ƙasan ƙofarsa da tawul. A banɗaki ta sa ni in kwance allon gefen bahon wanka, don ta ce wurin bututun ruwan zafi za ta nema. Ina durƙushe ina kan noti na ƙarshe sai na ji muryarta, a hankali kamar mai lallashin jariri.

"Neville. Kada ka ɗago kai. Ja da baya da gwiwa. A hankali, ɗan nan."

Ashe macijiyar ba a ƙarƙashin bahon take ba. A saman tankin ruwan zafi take, cikin kabad ɗin tawul da ke buɗe daidai kaina, ta fasa kai. Ban ga yadda aka yi ba, ƙasa nake kallo. Ɗan kwana-kwanan ne ya ba da labari daga baya, kuma har yau yana bayarwa: ya ce ta sa ƙugiya ɗaya ta janye hankalinta gefe, ta ɗago tsakiyarta da ta biyu, macijiyar ta hau ƙugiyar da gudu ta nufo hannunta, ita kuwa ta sake ta cikin dogon bokiti ta danna murfi, duk kafin shi ya gama buɗe baki ya yi ihu.

Jaridar garinmu ta buga hoton wani ɗan sanda riƙe da bokitin. Glenda kuwa "wata mai shagon dabbobi" aka kira ta, a layi na ƙarshe. Har yau abin yana ci mini rai. Ita ko a jikinta. Macijiyar da babu mai so ita ta riƙe, ta ciyar da ita shekara takwas.

Asabar ta gaba na koma wurin Kansila. Na cika shekarata. Na gina ɗaki mai ƙofa biyu a bayan gida, likitan dabbobi ya zo ya duba, ƙaramar hukuma ta ba ni lasisi. Na ɗauka an gama. Ina! Sai da ta zo gidanmu ta kore ni lambu, ta zauna da Lorraine su biyu ta tambaye ta ko da gaske ta yarda, don in ta ce a'a magana ta mutu. Sai da ta sa na liƙa takarda a ƙofa mai sunan macijin da asibitin da za a kai ni da inda maganin dafinsa yake, ta sa Lorraine ta haddace.

Ranar zaɓe ta ajiye akwati uku a gabana. Kafin nan ta riga ta soke duk abin da nake buri. Mai tofi a ido, a'a. Wanda aka kamo daga daji, a'a. Jinjiri, a'a, don ba ya zama a kan ƙugiya kuma ƙanƙantarsa tana sa mutum ya raina shi. Wanda babu maganin dafinsa a kusa, kada ma in ambata. Ukun nan duk irin gamsheƙa mai zobe a ƙeya ne, haifaffun gida, ta san iyayensu. Ta tsakiya fara ce fat, kyakkyawa kamar an zana ta. Na nuna ta.

"Na san ita za ka nuna, shi ya sa na kawo ta. Ba za ka samu ba."

"Haba Glenda! To me ya sa kika ce in zaɓa?"

"Don in ga ko ka yi hankali. Da saura." Ta turo na hagu, wani namiji mai kalar laka, ɗan shekara biyu, mummuna. "Wannan. Yana ci ba gardama, yana shiga akwatin kulle da kansa in za ka yi shara, kuma ba za ka yi sha'awar nuna wa abokanka shi ba. Ka ji ni da kyau: ban ce ba shi da haɗari ba. Babu gamsheƙar koyo. Wannan ma zai kashe ka kafin shayinka ya huce. Bambancin kawai, shi zai fi ba ka lokacin ganin kuskurenka."

Shekara bakwai yana wurina. Ban taɓa sa masa hannu ba.

Glenda, ke ce wadda ta fi kowa iya cewa a'a a garin nan. Ke ce kika kori mutum ɗari don ki yarda da goma, aka zage ki a mashaya da kafofin sada zumunta, kika ci gaba da canza ruwan macizanki. Garkuwar maƙwabtan da ba su san sunanki ba! Tagwayen nan yanzu suna makaranta, suna wucewa ta ƙofar shagonki kullum, ba su san ko ke wace ce ba. Ke kuma ba ki taɓa tsayar da su kin faɗa musu ba.

Yadda ta bar aikin ma sai da ya ba mu haushi. Cikin watan Fabrairu tana fito da wata macijiya sai ta ji ƙugiya ta ɗan yi rawa a hannunta, ciwon gaɓoɓi ya fara cin yatsunta. Ina wurin, ban lura da komai ba. Ta mayar da macijiyar, ta kulle, ta rataye ƙugiyar, ta ce ta gama. Muka yi ta roƙo, muka ce rawa ɗaya ce, ko shekara biyu ta ƙara.

"Da ɗayanku ne hannunsa ya yi haka, me zan ce masa?"

Duk mun san amsar. Wata shida ta yi tana raba macizan ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane gida sai da ta je ta duba kwaɗon ƙofarsa da kanta.

Makon jiya muka yi mata ƙwarya-ƙwaryar liyafa, da fanken nama da wake da giya. Ta zo da bandeji a yatsa. Duk muka zuba wa yatsan ido, don a shekara talatin da huɗu babu maciji mai dafi ko ɗaya da ya taɓa sa mata haƙori. Ta bi mu da harara.

"Zomon jikata ne. Ɗinki biyu. Duk wanda ya yi dariya na san abin da yake ɓoyewa a garejinsa."

Babu wanda ya iya riƙewa, har ita.

Mun gode, Glenda. Na gode da shekara ukun da na yi ina jin haushinki; su ne suka sa Lorraine take da miji har yau. Ku kuma sauranmu, masu shago da masu koyarwa da duk wanda wani zai zo wurinsa da zumuɗi yana neman abin da bai isa riƙewa ba: ku dube shi a ido ku hana shi, ku ba shi aikin da zai isa, ku jure fushinsa. Zai zage ku, na tabbata, don ni ma na yi. Ku bar shi ya rayu ya yi ta zagin.