Turbo Biyu a Teburin Bohumil Maƙeri

Bohumil Kadlec ya yi shekara arba'in da ɗaya yana dukan ƙarfe a masana'antar da ke bakin kogi kafin ya ajiye aiki. Ba shi da yawan magana. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar guduma, shi ya sa kullum a karkace yake sauraron mutane. A ƙauyenmu Lhotka kowa ya san abu biyu game da shi. Idan ya dubi ƙarfe a wuta zai faɗa maka zafinsa ba tare da ma'auni ba. Sannan a ƙaton rumbun ciyawar da ya gada wurin mahaifinsa akwai jirgin sama da yake haɗawa da hannunsa.

Shekara goma sha ɗaya ya kwashe a kan jirgin nan, ɗan ƙarami mai kujera biyu. Injin daga wata tsohuwar motar Japan ya ciro shi, irin wanda ba shi da fistin, wani ƙarfe mai kusurwa uku ne kawai ke juyawa a cikinsa. Ba nauyi, ba jijjiga, amma hucin da yake fitarwa ta salansa ya fi na sauran injuna zafi nesa ba kusa ba. Bohumil ya san da haka, bai kuwa damu ba, don a lissafinsa shi ne zai zauna a bayan wannan wutar.

Sai ga shi a farkon bazara likita ya saurari zuciyarsa, ya girgiza kai, ya ƙi sa hannu a takardar izinin tuƙin jirgi.

'Yarsa Jarmila ce ta fara ji. Shekarunta arba'in da uku, 'ya'yanta biyu, tana koyar da lissafi a makarantar gari, Asabar da Lahadi kuma tana tuƙa jirgin ƙungiyar matuƙa ƙananan jirage. Ta same shi a rumbu ya tasa jirgin a gaba yana kallo.

"Ni zan ɗaga shi, Baba," in ji ta.

"Ba ke na haɗa wa ba."

"To wa ka haɗa wa? Kajin Mama? Ga su can har sun fara ƙwai a kujerar baya."

Bai yi dariya ba. Tun daga ranar kowane noti da ya taɓa ɗaurewa ya dawo yana tsaya masa a rai.

Abin da ya rage a jirgin shi ne turbo. Bohumil zuga-zugi yake kiransa, don aikinsu ɗaya ne: hucin inji ya juya wata 'yar farfela, ita kuma ta tura iska cikin injin, wuta ta ƙara ƙarfi. Guda biyu ne a kan teburinsa. Ƙaramin shi ne ya zo tare da motar, da an ba shi totur yake kamawa. Babban ya fi shi da kilo huɗu, ga nawar kamawa, sai an jira shi kamar bijimin sa da aka tayar daga kwance. Filin da za a tashi kuwa na ciyawa ne, gajere, a bayan rumbun, kuma a ƙarshensa akwai jerin dogayen bishiyoyi da kakannin wani suka dasa don tare iska.

Lumir, abokinsa tun suna yara, tsohon bakaniken tarakta, shi ƙaramin yake so.

"Kai maƙeri, wannan ƙaton ai tukunyar miya ce," in ji shi, yana ƙwanƙwasa babban da sifana. "Ka ɗaura wa jirgi shi, kafin ya farka yarinya ta riga ta yi sheƙa a kan bishiya."

"Ka iya bakinka."

"Gaskiya na faɗa. Ƙaramin nan shekara nawa ya yi a mota bai ko yi tari ba?"

"Mota a ƙasa take tafiya, Lumir."

Abin da ya sa ya faɗi haka, wata magana ce da Jarmila ta yi ranar Lahadi suna shan miyar tafarnuwa. Ta ce a can sama iska ba ta da kauri, don haka turbo sai ya ninka gudu kafin ya ba inji abin da yake ba shi a ƙasa. Ta ce ta ji labarin waɗanda farfelar ƙaramin ta tarwatse musu a sama, mai ya tsiyaya a kan salansa mai zafi. Ita ta faɗa ta ci gaba da gutsurar burodinta. Shi kuwa ya ajiye cokali, bai sake ɗauka ba.

Kwana tara yana jujjuya su a hannu. Idan ya sa ƙaramin, za ta tsallake bishiyoyi, wuta ta jira ta a sama. Idan ya sa babban, sama ta yi lafiya, amma sai an kai saman tukuna. Littattafan da Jarmila ta kawo masa cike suke da zane-zane da lambobi, ya duba har idonsa ya yi ruwa, bai gane komai ba. A rana ta goma ya ce a ɗaura ƙaramin, zai gani da idonsa.

Suka turo jirgin waje da yamma, gari ya yi lumshi. Suka ɗaure wutsiyarsa da igiya a jikin turke, suka cire murfin inji. Jarmila ta shiga ta tayar. Bohumil ya ɗauko guntun bututun murhu, ya tsaya ta bayan fiffike, ya kanga a idonsa don hasken waje kada ya ruɗe shi, ya saita bakin a kan turbon. Ya ɗaga hannu, ta ba inji totur duka.

Ƙara ta cika ƙauyen. Cikin bututun ya ga ƙarfen ya yi ja mai duhu. Wannan ba komai. Ya koma ja kamar garwashi. Ya ci gaba da ƙirga numfashinsa. Kafin ya kai arba'in, wuyan turbon ya zama ruwan goro, gefe ɗaya har ya soma ɗaukar ruwan ɗorawa. Bohumil ya san wannan launin. A maƙera, in ƙarfe ya kai nan, ɗan duka kaɗan ya isa ya lanƙwasa shi. Kuma a ƙasa ke nan, cikin iska mai kauri da sanyi.

Ya sauke bututun. Abin da idonsa ya faɗa a kai shi ne farantin da ya raba inji da wurin zama, wanda shi da kansa ya yanka, kaurinsa bai fi na farce ba. A bayan farantin nan ƙafafun 'yarsa suke, cikin fararen takalman gudu. Ya yi mata alama ta kashe.

"Ka ji yadda yake ja?" Lumir ya ɗaga murya, yana murna. "Saura kaɗan ya tumɓuke turken!"

"Cire shi."

"Kai tsoho, bishiyoyin fa?"

"Na ce cire shi. Bishiya ina ganinta, zan iya auna ta. Wancan in ya narke a sama, wa zai gani?"

Suka ɗaura babban. Da aka gwada, ja kamar garwashi ya yi ya tsaya nan, bai wuce ba. Amma daga ba shi totur zuwa kamawarsa, Bohumil ya ƙirga uku cur.

Sai ya koma auna fili. Ya taka shi daga bakin rumbu zuwa gindin bishiyoyi, taku ɗari shida da goma, ya sake takawa har sau uku. Shi da Jarmila suka zauna ta yi lissafinta a bayan ambulan. Ya ɗauki wani farin bokiti ya kife shi a taku na ɗari uku da hamsin, ya ɗora masa dutse.

"Ki ji ni da kyau," ya ce da ita. "In kin kai bokitin nan taya ba ta bar ƙasa ba, ki kashe totur ki taka birki. Jirgi ya karye in zai karye. Ki yi mini alkawari."

"Na ji, Baba."

"Ban ce ki ji ba. Alkawari na ce."

"Na yi."

Ranar tashi Asabar ce da safe, raɓa ba ta gama bushewa ba. Matarsa Ludmila ta ƙi fitowa, ta rufe tagar kicin ta hau feraye dankalin da ba wanda ya ce ta dafa. Bohumil ya haɗiye ƙwayar maganin zuciyarsa ba ruwa, ya je ya tsaya daidai bokitin. Lumir yana gefensa riƙe da abin kashe gobara.

Jarmila ta riƙe birki ta ba inji wuta har turbon ya kama, sannan ta saki. Jirgin ya taho yana tsalle-tsalle a kan ciyawa. Jiƙaƙƙiyar ciyawar tana riƙe tayoyin, abin da ba su sa a lissafi ba. Bohumil bai ga fiffike ba, bai ga fuskarta ba, tayoyin kawai yake kallo. Suka iso bokitin suna ƙasa. Suka wuce shi suna ƙasa. Ƙarar injin ba ta ragu ba.

"Tsaya!" ya ƙwala ihu, muryar da ba a taɓa jin irinta daga bakinsa ba. "Jarmila, tsaya!"

Ya bi jirgin da gudu, tsoho mai ciwon zuciya, taku goma ya faɗi a kan gwiwa. Daga nan ƙasa ya ga haske ya ratsa tsakanin taya da ciyawa. Jirgin ya ɗaga a hankali, a hankali, bishiyoyin suna ƙara tsayi a gabansa. Bohumil ya runtse ido, ya juya kunnensa mai ji yana jiran ƙarar karyewar reshe. Bai ji ba. Ƙarar inji kawai, tana nisa.

"Ta wuce," in ji Lumir. "Maƙeri, buɗe ido, ta wuce. Ko tsawon mutum ɗaya babu tsakaninta da bishiyoyin, amma ta wuce."

Minti ashirin ta yi a sama. Duk tsawon lokacin yana durƙushe a inda ya faɗi, yana neman baƙin hayaƙi a bayan jirgin da ya zama ɗan ɗigo yana zagaye saman cocin ƙauye. Babu hayaƙi. Da ta sauka ta fito fuskarta cike da fara'a, tana cewa injin sumul, zafinsa bai ko motsa ba.

"Kin wuce bokiti," in ji shi.

"Na ji shi a kujera, Baba, jirgin ya riga ya yi sauƙi, yana shirin ɗagawa. Da na taka birki a jiƙaƙƙiyar ciyawar nan, da santsi ya kai ni gindin bishiya."

Mai yiwuwa gaskiyarta ce, shi ba zai taɓa sani ba.

"Ba zai ƙara tashi daga filin nan ba," ya ce. "A kai shi filin ƙungiya, mai kwalta, mai tsawo."

"Kilomita sittin ne fa. Sai ka yi wata ba ka gan shi ba."

"Na sani."

Ya miƙa wa Lumir hannu ya tashe shi tsaye. Ya kaɗe ciyawar gwiwarsa, ya ce a kawo masa sifana mai lamba goma sha uku. Kafin azahar fukafukan suna kwance a kan tirelar Lumir, an naɗe su da tsofaffin barguna.