Ranar da Na Goge Muryar Inna

Shekarar da tsutsa ta shiga masara a wajenmu, har muka riƙa bin shuka muna zuba toka a zuciyarta, ita ce shekarar da Inna ta rasu. A cikinta ne kuma na yi wani abu da ɗan yatsana wanda ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Ni manomi ne a wani ƙauye na Dawaki, cikin ƙasar Rano, kuma tun ina saurayi Allah ya jarabce ni da son waƙar fim. Fim ɗin kansa bai dame ni ba, zan iya shekara ban kalla ba. Waƙar ce kawai. In zan tafi gona, wayata tana aljihun gaba tana yi. In na isa sai in rataye ta a reshen ɗorawa cikin 'yar leda, in kama fartanya. A kan keke ma haka, wajen yi wa awaki yayi ma haka. Maiɗakina takan ce tun daga bakin rijiya take sanin na dawo, domin waƙa ce ke riga ni sallama.

A lokacin ban iya karatun boko ba, ko sunana ba na ganewa a takarda. Saboda haka ba da suna na san waƙoƙina ba, da lissafi na san su. In ina son ta masu sarewa, na san in danna ƙasa sau bakwai. Ta rabuwar masoya sau goma sha tara. Kusan waƙa ɗari biyu ke cikin memorina, kowace na san mazauninta kamar yadda na san iyakar gonata. Har alfahari nake yi da haka a majalisa, ina cewa masu karatu sai sun duba, ni ko ido a rufe.

Inna ba ta taɓa son abin ba. Takan ce mutum da furfura a gemu yana yawo da kukan 'yan mata a aljihu. Amma da ciwo ya kwantar da ita, wayar nan ce ta zama abokiyar hirarmu. Wani maƙwabcina ya nuna mini inda ake dannawa a ɗauki murya, sai na riƙa zama kusa da ita da hantsi ina tsokanarta har ta yi magana. Na ɗauki waƙoƙin niƙa da suke yi suna amare. Na ɗauki labarin yadda kakanninmu suka taso daga Rurum Tsohon Gari, da wanda ya haifi wane. Na ɗauki bayanin sassaƙen da take dafa wa yara in suna haƙori. In na mayar mata ta ji, sai ta rufe baki da gefen zane tana dariya, ta ce wannan tsohuwar ta cika surutu.

Mu biyu muka rage mata, ni da ƙanwata da ke aure a Tarai ta ƙasar Kibiya. Ƙanwar tawa tana da tsohon ciki a lokacin, cikin kuma ya zo mata da wahala, an hana ta hawa babur. Kwana uku kafin Inna ta cika, ta ce in kunna abin nan in ajiye mata a kan filo, in fita. Ta ce magana za ta bar wa autarta, ba tawa ba ce. Na kunna, na fita na zauna a zaure. Da na dawo na kashe, na yi mata alkawarin ba zan saurara ba, kuma ban saurara ba. Duka muryoyin Inna goma sha ɗaya ne, suna can ƙarshen jerin, ƙasan waƙoƙi. Tara na farko nakan ji su. Biyun ƙarshe ban taɓa buɗewa ba, na ɗauka saƙon ne ya rabu biyu.

Ƙanwata ba ta samu zuwa jana'iza ba. Bayan kwana ashirin ta haihu, ta samu mace, aka mayar da sunan Inna. Na je suna da wayar a aljihu, amma matan gidan suka ce kada a sa mai jego kuka, nono zai ɗauke. Na gaya mata dai akwai saƙo, muka yanke cewa in ta yi arba'in ta fito gaishe-gaishe, gidana za ta fara sauka ta ji. Yanzu in na tuna, Tarai ba nisa gare ta ba. Da na koma bayan mako guda, na same ta ita kaɗai a ɗaki, da magana ta ƙare. Amma ga damina, ga tsutsa, kullum sai in ce ai tana tafe.

Tun ranar rasuwar na daina kunna waƙa, sai da aka yi sadakar arba'in. Ban taɓa yin kwanaki haka kunnena a bushe ba. Gona ta yi mini shiru, har ƙarar fartanyata nake ji tana damuna. Mako guda bayan sadakar, wata safiya ina wajen mai shayi, wani ɗan acaba ya tsaya da wata sabuwar waƙa tana tashi daga babur ɗinsa. Wutsiyarta kawai na samu, ya ja ya tafi. To wutsiyar nan ta shiga kaina ta zauna. Ina noma ina yin ta, ina alwala ina korar ta. Wanda bai san wannan ƙishin ba zai ce wasa ne, amma ni na san yadda ya hana ni sakat kwana huɗu.

Ranar kasuwa na hau keke na shiga Rano, na nufi rumfar mai tura waƙa da na saba zuwa. Mutum ne mai fara'a, yana da kwamfuta da lasifika biyu, kullum rumfarsa a cike. Ya tambaye ni sunan waƙar, na ce ban sani ba. Sunan fim ɗin fa? Shi ma ban sani ba.

"To Malam, sai dai ka rera mana," in ji shi.

Na duba hagu da dama, na sunkuya na yi masa ita a hankali. Rumfar ta kwashe da dariya, wani ya ce a ba ni lasifika. Amma kafin in kai ƙarshe ya gane ta, ya danna, ta tashi. Na ce ya sa mini ita da duk 'yan uwanta sababbi.

Da ya soka memorin, ya ce akwai cuta a ciki, shi ya sa wayar ke yawan tsayawa. Ya kwashe komai ya zuba a kwamfutarsa, ya wanke memorin, ya mayar da kayan ciki. Ina tsaye ina kallo, ban san wannan juyin yana canza wa abubuwa mazauni ba. Sannan ya ce memorin ya cika maƙil, ko waƙa ɗaya ba za ta shiga ba sai an rage. Ya ce in jira layi ya ragu mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ji ina zaɓa. Na dubi layin, na dubi rana. Na ce ya ba ni kawai, ni na san kayana.

Na koma gindin wata darbejiya na mayar da memorin cikin waya. Goma na farko a jerin tsofaffin waƙoƙi ne da na gaji da su tun bara. Gogewa ma da lissafi na iya ta: madannin hagu, ƙasa sau uku, hagu, hagu. Na ga rubutun da ke kan allon kamar bai yi kama da wanda na saba gani ba, duk layukan kusan iri ɗaya. Amma rubutu a wajena a lokacin duk tafiyar tururuwa ne. Dannawa ɗaya ta isa in ji abin da ke ciki kafin in goge. Ban yi ba, domin waƙar tana tashi daga rumfa kuma hankalina yana can. Na goge goma cif, ina ƙirgawa da baki.

Da na mayar masa, ya ce wurin da na samar kaɗan ne, shida kawai za su shiga. Ya ɗan yi mamaki, ni ban yi ba. Ya zuba shidan, na hau keke ina jin sabuwar waƙata har gida. Kwana tara ina juya shidan nan, ban leƙa ko'ina ba.

Ranar da ƙanwata ta iso, bayan la'asar ne, da jaririyar a baya da ƙullin ƙuli-ƙuli na tsaraba. Ta sha ruwa, aka yi gaisuwa, aka yi wa Inna addu'a. Ba ta ko taɓa abinci ba ta ce, "Yaya, ina saƙona?"

Maiɗakina ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Inna, ta karɓi jaririyar. Niyyata in kunna in fita, kamar yadda na yi ranar da aka ɗauka. Na gangara ƙarshen jerin, na haura sababbi shida, na ƙara biyu, na danna. Sai ga kiɗa, wata tsohuwar waƙar soyayya. Na kashe da sauri, na ce lissafi ne ya kuɓuce mini. Na sake ƙirgawa, waƙa. Na haura ɗaya, waƙa. Na bi jerin nan ina dannawa ina kashewa, gumi yana sauko mini ta bayan kunne, ita kuwa tana zaune ta zuba wa hannuna ido. Can na ci karo da ta masu sarewa, wadda na tabbata na goge. A nan na gane ba waƙoƙi na goge ba.

Na haura can sama, na danna ta farko. Muryar Inna ce, a gajiye, kusa da wayar sosai. Ashe ranar da aka ɗauki saƙon, da na dawo ɗakin, garin kashewa na sake kunnawa.

"Ka kashe? To. Ka kai mata da kanka, ka ji ko? Kada ka ajiye."

Sai muryata tana cewa to, Inna. Shi ke nan, ta ƙare.

Ƙanwata ta ce in sake sa mata. Na sake. Ta ji sau uku, sannan ta tambaye ni ina wanda aka ce in kai mata ɗin. Na gaya mata gaskiya tun daga wajen mai shayi har gindin darbejiya, ban rage komai ba. Ban ga ta yi kuka a lokacin ba. Ta dai tambaye ni ko na taɓa saurara, ko da kaɗan, ko da farkonsa. Na ce a'a, na riƙe alkawari.

"Da ma ka karya shi," in ji ta.

Washegari da sassafe na koma Rano. Na tuna mai tura waƙa ya zuba kayana a kwamfutarsa, na sa rai suna nan. Ya ce yana share na kowa da zarar ya mayar, in ba haka ba kwamfutar ba za ta ɗauka ba. Ya bayyana mini cewa in aka juye kaya aka mayar, masu sunan lamba ne ke hawa sama, muryar da aka ɗauka da waya kuwa sunanta lamba ne. Ya ce da ya san akwai irin wannan a ciki da ya faɗa mini. Ban ga laifinsa ba, ni ne ban gaya masa ba. Ya ajiye masu jira ya yi ta gwadawa har azahar. A ƙarshe ya ce abin da aka goge yakan dawo in ba a zuba wani abu a kansa ba. Nawa kuwa an zuba. Sababbin waƙoƙina shida suna zaune daidai inda muryar Inna take.

Ƙanwata ta kwana biyu ta koma. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma daina gaishe ni ba. Ta ce in tura mata guntun da ya rage, na tura. Amma har yau in muna hira aka ambaci Inna, sai ta ce ko me Innar ta ce mata. Babu kuma mai amsar nan a duniya.

Da kaka ta yi aka buɗe ajin manya a makarantar firamaren garinmu, na je na ba da sunana. Shekarata ta huɗu ke nan ina zuwa, a hankali nake tafiya, amma yanzu ina karanta abin da waya ke tambayata kafin in amsa mata. Waƙa kuwa ban daina ji ba, ƙarya ne in ce na daina. Shidan nan ne dai ban sake kunnawa ba, ban kuma iya goge su ba.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan rashin karatu, domin ya fi sauƙin ɗauka. Daga baya na yarda cewa ba shi ne babba ba. An ba ni saƙo an ce kada in ajiye, na ajiye shi wata biyu. Waƙar da na ji wutsiyarta kuwa, kwana huɗu kawai na iya jira. Tun daga nan, in aka ba ni amanar wani, ranar nake kai ta.

Abin da ya tafi a gindin darbejiyar nan shi ne waƙoƙin niƙa huɗu, labarin asalinmu kashi uku, bayanin maganin haƙori ɗaya, hira ɗaya da take mini tsiya a kan gemuna, da saƙo ɗaya da uwa ta bar wa 'yarta, wanda ba wanda ya taɓa ji.