Mai Askin da Ya Tauna Mataji

Matso kusa, ɗan'uwa, ga benci, ka zauna in ba ka labarin mai askin layinmu, wanda ake ce wa Rediyo.

Ba a banza ya samu sunan ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, madubin da ya tsage ta gefe, da fankar da ta fi iskarta ƙara. Amma labarin da ya shiga shagon nan da safe, kafin azahar ya yi ƙafafu, kafin la'asar ya yi fukafukai.

Wata rana wani direban bas ya zo aski. Da injin ya kai ƙeya, sai ga tabon ɗinki.

"Jiri ne ya kayar da ni a banɗaki," in ji direban. "Likita ya ce gajiya ce. Amma don Allah ya tsaya tsakaninmu."

"Haba, ai ka jefa a rijiya," in ji Rediyo.

Ashe rijiyar ba ta da murfi. Ya faɗa wa tela, tela ya faɗa wa mai faci, kafin maganar ta isa kunnen mai motar da direban ke ja ta zama farfaɗiya. Aka karɓe makulli. Direban ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar, ko sallama bai yi ba.

Rediyo ya yi nadama. Ya yi istigifari har ya gaji, amma ya san hakkin mutum sai mai shi ya yafe, ga shi mai shi ya ɓace. Ya ɗauki alkawarin kame bakinsa. Kwana biyu alkawarin ya yi.

"Maigida, kai fa ko a barci labari kake bayarwa," in ji matarsa. "Sai dai a sa maka kwaɗo."

Kwaɗon kuwa ya samu. Ka san masu aski kan maƙale mataji a baki idan hannu biyu na aiki. To, shi da zarar ya ji gulma ta taso masa, sai ya cije matajin, ya ƙi saki har ta wuce. Wani lokaci ya ci nasara. Wani lokaci maganar ta sulale ta gefen matajin, gobe ya sake ɗaura ɗamara. Masu zuwa shan labari suka janye, benci ya yi ƙura. Matazan da ya tauna kuwa, matarsa ta tara su a gwangwani, wai jikoki su ga abin da kakansu ya ci ya girma.

Shekara goma sha ɗaya ana haka. Sannu a hankali benci ya sake cika, amma da wasu irin mutane, waɗanda ke son a rage musu gashi da nauyin ƙirji a zama ɗaya.

Ran nan wani dattijo mai furfura ya shigo ya cire hula. Injin ya kai ƙeya, sai ga tabon ɗinkin nan, hannun Rediyo ya tsaya cak. Tela, da ke zaune a benci, ya leƙo.

"Kai! Wannan tabon da labari. Rediyo, ka san shi ne?"

Matajin yana hannunsa, bai kai shi baki ba.

"Tabo ne, tela. Mai shi ya san labarinsa."

Sai dattijon ya tuntsire da dariya har kujera na motsi.

"An ce min ka shiryu, na ce ƙarya ne, sai na gani da idona!"

Rediyo ya durƙusa nan cikin tarin gashi. "Yaya, ka yafe mini. Na raba ka da abincinka."

"Shekara uku ina zaginka," in ji direban. "Daga baya na gaji, don zagi ba ya ciyar da yara. Tayoyi nake sayarwa yanzu. Na yafe. Tashi ka ƙarasa, ka bar ni da rabin kai kamar wanda ɓera ya yi wa aski."

Ya tashi ya ƙarasa, yana share ido da gefen hannu, bakinsa ba ya faɗin komai sai alhamdulillahi. Har yau gwangwanin yana nan a ƙarƙashin madubi, ya hana a zubar.

To, kai da kake zaune kana murmushi, da za a ba ka mataji yau, nawa za ka tauna kafin bakinka ya koyi shiru?