Ƙafar Fiyano da Na Kai Gumani

Tukwane nake sayarwa a kasuwar Tamale, shekara ashirin da wani abu, saboda haka in dai maganar ƙarfe ce ba a yi mini wayo. Ƙwanƙwasa ɗaya ta ishe ni in gane wanda zai kai jikoki da wanda zai huje kafin Sallah. Amma ranar da na shiga shagon kayan kiɗa, tsayawa na yi sororo, don ko sunan abin da na zo saya ban sani ba.

Saboda 'yata ta fari na je. Tana da shekara huɗu yayar mijina, wadda nake kira Yaya, ta zo daga Gumani ta ɗauke ta riƙo. Haka ake yi a danginsu, gwaggo tana da haƙƙi a kan 'yar ƙanenta, Yaya kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Mu kuma a gidanmu na Sabonjida an tashe mu da kunyar ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki yabonsa, in ya faɗi a gabanki sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Al'adu biyu suka taru a kaina, ni kuma na riƙe su tamau har ana misali da ni. Yarinyar ta girma tana ce wa Yaya Mma, wato uwa, ni tana ce mini Anti, ko da yake ta san sarai wa ya haife ta.

Tana ajin ƙarshe na sakandare muka je suna a Gumani. Na fita neman buta, sai na ji sauti daga ɗakin ajiyar masara. Ta ƙofar da ba a rufe ba na hango ta. Mijin Yaya ya samo mata tsohon fiyano mai aiki da lantarki, don kiɗa take karanta a makaranta. Ta kifa kwanukan wanki biyu, ta ɗora fiyanon a kai, ta durƙusa, bayanta ya lanƙwashe kamar na tsohuwa mai tsince shinkafa. Duk lokacin da ta danna gefen hagu da ƙarfi, kwano ɗaya sai ya zame, ta tare shi da gwiwa ba tare da ta daina kiɗan ba. Ban san ta iya haka ba. Na tsaya har na manta da butar, da na ji takun mutane kuma na wuce da sauri kamar wadda ta yi sata.

Na kwana uku abin yana cina. A na huɗu na ce wa kaina ya isa. Zan saya mata abin ɗora fiyanon nan, in kai da hannuna, in ce ni na saya, in kuma kira sunanta a gaban kowa, duk mai dariya ya yi.

Mai shagon dattijo ne mai tumbi, Hausar kasuwa yake yi, mace da namiji duk ɗaya a bakinsa. Na yi masa kwatance da hannu har ya gane.

"Aa, sitan ka ke so," in ji shi. "Ƙafa. Hajiya, yaron ka na buga tsaye ne ko zaune?"

Na ce mace ce, kuma ban sani ba.

"To tsawon shi fa?"

Na ɗaga hannu zan nuna, hannun ya tsaya daidai ƙuguna. Na yi maza na ƙara sama, na rasa inda zan tsayar. Ban taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ita ba. Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, ni kuma haushi ya kama ni, na ce masa ya fito da kaya ya bar tambayoyin asibiti.

Iri uku ya fito da su. Na farko ƙarfe biyu ne a giciye kamar almakashi, ba nauyi, yaro ma zai ɗauka. Na dafa shi na girgiza, ya yi ta rawa. Na ce wannan da kwanon wanki duk ɗaya. Na biyu kamar tebur ne, ƙafa huɗu, ko ni na zauna a kai ba zai motsa ba. Har raina ya kwanta da shi, sai na tuna cewa a keke take zuwa makaranta, kuma ana sa su su je da kayansu ranar gwaji. Na ɗaga shi na ajiye, na ce wannan sai a nemo masa mota.

Na uku shi ma almakashi ne, amma ƙarfe bibbiyu a kowane gefe. A tsakiya akwai faifai mai huji biyar da wata ƙusa da ake ja a sauya tsayi. Na ja, na saki, na ji ta shiga da ƙara mai kyau. Na gwada hujin ɗaya bayan ɗaya, daga na mai zama a kan kujera har na dogon mutum a tsaye. Na duba walda, na ƙwanƙwasa bututun, na murza robobin da ke bakin ƙafafun in ga ko za su fita. Na sa shi ya ɗora fiyano mafi nauyi a shagon, na danna gefen hagu da tafin hannu da duk ƙarfina.

"Hajiya, ka zo saye ne ko ka zo faɗa?" in ji shi. "Wannan na da ƙarfi paa. Ba zai faɗi ba kraa."

Duk da haka sai da na naɗe shi, na fita na aro keken mai gyaran takalmi da ke bakin shagon, na ɗaure shi a baya, na tura har kwana na dawo. Mutane suna kallo, ban damu ba. A rayuwata ban taɓa zaɓar mata ko ɗan kunne ba, ranar na fanshe.

Ran Asabar na ɗaure shi a bayan babur ɗina na nufi Gumani. A hanya ina ta maimaita abin da zan faɗa, har sunan ina furtawa a cikin mayafi don bakina ya saba. Da na shiga sai na tarar da tsakar gida cike da mata suna ɓarar gyaɗa, har da surukata. Yarinyar ta fito ta gaishe ni, ta ga abin da ke hannuna. Ta karɓa, ta buɗe, ta ja ƙusar, ta kai huji na huɗu, ta tsaya a bayansa. Ashe ta fi ni tsawo.

"Anti, na waye?"

Idon surukata yana kaina. Babu wanda ya hana ni, wannan dole in faɗa. Bakina ne kawai ya bi hanyar da ya saba.

"Mmanki ce ta ce a kawo miki," na ce.

Ta yi tsalle ta faɗa jikin Yaya, gyaɗa ta watse, mata suna ta dariya. Yaya ta rungume ta, amma ni take kallo ta saman kafaɗarta, tana jira in gyara. Ban gyara ba. Da Yaya ta rako ni bakin babur ta riƙe hannuna ta ce, "Ki gaya mata, ko ni in gaya." Na ce ta bari, akwai lokaci, na tayar da babur. Sai da na wuce gonakin bakin hanya na tsaya na yi kukana.

Yaya mutuniyar kirki ce, ta sake yi mini maganar sau biyu. Ni ce kullum nake cewa ba yanzu ba. Yarinyar ta ci jarrabawa, ta tafi kudu karatun koyar da kiɗa, da fiyanonta da ƙafarsa. Tana shekara ta uku a can Yaya ta kwanta ciwo, sati biyu ta rasu.

Washegarin sadakar bakwai, da hantsi, na sami yarinyar a ɗakin Yaya tana haɗa kaya. Daga wajen gwajin koyarwa aka kira ta, don haka da kayan kiɗanta ta zo. Fentin ƙafar ya goge a wurin riƙo, amma ko lanƙwasa babu. Ta ce in riƙe mata gefe ɗaya ta ɗaure da igiya. Ba mu taɓa zama mu biyu kaɗai a ɗaki ba sai ranar.

"Anti, kin san na abokaina duk sun karye?" ta ce. "Nawa ne kawai ya rage. Mma ba ta san komai a kiɗa ba, amma dubi abin da ta sa aka zaɓo. Har keke ta tuna." Ta share ido da gefen mayafi. "Ban taɓa gaya wa kowa bayana na ciwo ba. Ita kaɗai ta lura. In na buɗe shi sai in ji kamar tana nan."

Ba kowa a ɗakin, ba surukar da za ta kalle ni, kuma maganar tana bakina. Amma uwarta ta rasu kwana takwas da suka wuce, abin da ya rage mata kuwa shi ne wannan ƙarfen da ke hannunmu. In na karɓe shi, me zan ba ta a madadinsa? Na ƙara riƙe gefena don ta ja igiyar da kyau.

"Allah ya jiƙanta," na ce. "Ta iya zaɓe."